Kafin Motar Ta Iso

A bencin tasha, wata mata ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta dubi ƙofar shigowar motoci, ta koma kan littafin da ke hannunta, mai hoton yarinya bisa ƙaton tsuntsu. Dattijon da ke gefenta ya leƙo.

"Baiwar Allah, da girmanki kike karanta tatsuniyar yara?"

"Baba, ɗana nake jira. Tun da muka rabu da ubansa ban sa shi a ido ba. An ce ba shi da hira sai ta wannan littafin, ni kuwa ban san da me zan fara masa magana ba."

"Kin kai inda suka shiga kogon madubai?"

"Yanzu suka shiga."

"To, kada ki yarda da mai kwalekwalen nan. Munafuki ne."

Ta ɗago ta dube shi. "Au, ba kai ka ce na yara ne ba?"

Ya yi gyaran murya. "Jikata ce take karanta mini. Da suka ƙaura, sai na ƙarasa abina ni kaɗai."

Wata doguwar mota ta kunno kai. Matar ta miƙe.

"Ga su nan! Don Allah yi sauri, yaya aka ƙare? Yarinyar ta gano uwarta?"

"Ba zan faɗa ba."

"Haba, Baba!"

"'Yata, in kin san ƙarshen, wane labari zai ba ki a hanya? Je ki tambaye shi."