Biyu da Wancan

A tashar jirgin ƙasa ta Wangsa Maju, a ƙasar Malesiya, Hajiya Turai ta ji wata budurwa ta ja tsaki irin na gida tana juya takardar gwamnati, sai ta matsa kusa da ita.

"'Yata, ke ma ƙuri'ar masu ƙidayar gidaje ta faɗo kanki?"

"Wallahi, Hajiya. Wai kuma dole ne."

"Ni jiya suka zo mini. Wata 'yar Malay, ko kunya babu, wai in faɗi sunan maigida!"

"To, ba sai ki faɗa ba?"

"Da bakina? Na ce Dakta. Ta ce wane Dakta? Na ce na gidan nan. Ta ce yara nawa? Na ce biyu, da wancan."

"Wane ne wancan?"

"Na farin mana! A garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ta ce ko ɗan haya ne? Na kau da kai. Kawai ta rubuta ɗan haya."

"Innalillahi! Yana wurin?"

"Yana zaune yana shan shayi. Tashin nan ne, ina ya san kara? Tun jiya ya ƙi aike. Wai ba a aiken ɗan haya kedai, ko gishiri ba zai sayo mini a kantin ba."

"Haba, Hajiya, ki ce masa ɗanki ne mana."

Hajiya Turai ta ɗaga ledar hannunta, ƙanshin soyayyar kaza ya tashi.

"Cinya biyu na yi masa tapau, ga su na ƙunso masa, ƙannensa fiffike. In bai gane ba, ya biya haya."