Makahon da Ke Zura Zare a Allura

A tashar bas ta wani gari a Mississippi, tsohuwa Odessa ta tsaya tana hararar sabon allon ƙarfe da aka kafa don karrama wani tsohon kamfanin faifai. Wani mutum mai jiran mota ya matso.

"Mama, shekara shida na yi ina fafutuka kafin a kafa shi. Ba don kamfanin nan ba, da waƙoƙin blus sun bi iska."

"To sannu da aiki! Karanta min layi na uku."

"Makaho Cleotis, mai jita."

"Ubana ke nan. Garau yake gani, shi ke zura wa uwata zare a allura! Su suka ce faifan makaho ya fi shiga kasuwa. Kai kuma ka zo ka zuba ƙaryar a ƙarfe."

"Haka aka rubuta a faifan, Mama. Ɗaya tak ya rage, yana gidan tarihi."

"Biyu dai."

Mutumin ya zaro ido. "Kina da shi? Ki bari masana su gani mana!"

"Su ga me? Ina shekara bakwai ya rasu. A tsakiyar waƙar ya yi tari sau ɗaya, tarin nan nake jira kullum. Matsa, ɗan nan, motata ta iso."