Igiyar da Na Jefa ma Tobashina

Salamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara lahiya. Sanusi ne daga Kagara.

Tobashina Bello ya shekara bakwai ana mai wankin ƙoda. Ran Laraba a gonar albasa na jefa mai igiya, na ce, "Maciji!" Ya zabura ya zame, ƙashin ƙugunshi ya karye.

Likita ya hana a kai shi wurin mai ɗori. Ya ce daɗewar wankin ta cinye ƙarfin ƙashin, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Jibi za a shiga da shi. Bello ya ce mani, "Ɗan banza, mi kake ma kuka? In na miƙe sai na rama."

Don Allah mai wankin ƙodar da aka taɓa yi ma wannan aiki, shi gaya mani gaskiya: ana miƙewa? Wallahi ramuwar nan nake roƙon Allah in gani.