Babbar Rigar Mahaifina a Ƙofar Coci

Barka da aiki, mai gabatarwa. Sunana Ishaku, daga unguwar Sotega a Libreville, ƙasar Gabon.

Jiya dattawan cocinmu suka yanke cewa ba zan yi karatun Nassi ranar baftismar 'yata ba, sai in na sa kwat.

Ga yadda aka yi. Lahadin da ta wuce na je sujada da babbar rigar marigayi mahaifina, wadda ya yi shekaru yana wa'azi da ita a ƙauyenmu na Katsina. Mai tsaron ƙofa ya tare ni: "Alhaji, kun ɓata hanya, masallaci yana gaba." Da ya gane ni, ya bar ni na shiga. Bayan an tashi, wani dattijo ya ce kayan Musulmi ne, za su rikita jama'a.

Na ce, "Baba, doguwar riga Yesu ya sa, gefenta mace mai ciwo ta taɓa ta warke. A Nassi farin tufafi tsarki yake nufi, tsumma kuma tuba. Tausayi da tawali'u aka umarce mu mu yafa. A ina aka ambaci kwat?"

Ba zan sa kwat ba. Masu sauraro, in sun hana ni karatun, in zauna shiru ko in ƙara tunkararsu? Ina gaida maƙwabcina Malam Sani tela, da ya gyara mini wuyan rigar.

Rigar tana nan a goge. Fasto ne mai magana ta ƙarshe, kuma har yanzu bai yanke hukunci ba.