Ɗana Ya Zaɓi Jarida, Hankalina Ya Tashi

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ina gaishe ka daga Potiskum, ina kuma roƙo ka sakaya sunana.

Ni akawu ne, ɗakina cike da littattafai, amma ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya ƙi karatun boko. Na zaɓa masa littattafai masu kyau, na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Bara sai na kai shi ɗakin karatu na gari, na ce ya ɗauki abin da ransa yake so. Ya wuce littattafan yara, ya ɗauko jarida. Kafin damina ta wuce yana karatu ba gargada.

Ran nan maƙwabcina ya tare ni, ya ce, "Malam, ɗanka fa ya zama rediyon tasha." Ashe bayan la'asar direbobi suna zaunar da shi a kan benci yana karanta musu labarin jam'iyyu, har yana juya wa tsofaffi da harshen Ngizim. Kun san kuwa an hana yara shiga siyasa, kuma wani ɗan doka ya riga ya tambayi ɗan wane ne.

Na ce wa yaron ya koma tatsuniyoyi. Ya ce, "Baba, ai kai ka ce in zaɓa."

Ina gaida abokaina na Damagum. Masu sauraro, ku ba ni shawara. In na ƙwace jaridar, ina tsoron ya bar karatu. In na ƙyale shi, ina tsoron bulalar alƙali.