Wa Ke Riƙe Miki Su?

A wani ofishin tura kaya a titin Guangyuan, can ƙasar waje, talabijin na nuna wasannin Olamfik. Wata Hajiya daga Kano tana jiran a ɗaure mata kaya. Mai ɗaurin 'yar zangon Kumasi ce, goyonta sai tsala kuka yake.

"Haba baiwar Allah, wannan kuka har cikin kaina! Babu gidan raino ne a garin nan?"

"Akwai, Hajiya. Mai sauƙin, wanda gwamnati ke tallafa wa, sai 'yan gari masu takarda. Na je, suka ce min meyo, wato babu a yarensu. Na kuɗin kuwa albashina kaf zai cinye."

"Ke ma dai! Gwamnati ce za ta yi miki raino? Mu a gida wa ya taɓa ba mu tallafi? Yara biyar na baro, ga ni ina kasuwancina lafiya lau."

"Wa ke riƙe miki su?"

"Babbarsu, Madina. Tun tana aji uku take yi."

"Yanzu tana aji nawa?"

Hajiya ta gyara mayafi, ta ƙura wa talabijin ido.

"Kwanto yaron ki miƙo min. Ki ɗaure kayan nan, na gaji da surutu."