Damin Zane: Tunawa da Alhaji Bashari Mainika

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba mu aron Alhaji Bashari, ya kuma karɓi abinsa lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Masu girma hakimanmu na Gwarzo da Kabo, ranku ya daɗe. Wakilan ƙananan hukumominmu biyu, barkanku da zuwa. Babban limaminmu Malam Muhammad Nur da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Dagatai da masu unguwanni, tun daga Unguwar Tudu har Jama'a da Mainika, ina gaisuwa. Mahaifiyarmu Hajiya Gwamma, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yansa Abdulnasir da Mubina da ƙannensu, ya ƙarin haƙuri? Magina, masu zane, iyayenmu mata masu sassaƙa ƙwarya da ke can ƙarƙashin rumfa, da sauran jama'a baki ɗaya: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Lukuman Badruddeen, tsohon hedimastan firamare a Jama'a. Da 'yan Ƙungiyar Ƙawata Gari suka ce ni zan yi magana, na ce na yarda, amma ba zan sa kowa kuka ba. Kukanmu mun yi shi bara, ranar da muka kai shi makwancinsa. Yau labari na zo da shi, kuma a ƙarshensa akwai albishir. Tun safe bakina yake ƙaiƙayi, amma ku yi haƙuri, sai mun bi ta kan hanya.

Ya kasance malamin gona. Yara da yawa a nan ba su san haka ba, sun buɗe ido ne suka gan shi cikin masu fenti. To, malamin gona ne, mai yawo a kan babur yana koya wa manoma sa taki. A zamanin tsuke bakin aljihu, wanda muke kira ostariti, lokacin da mutum zai wuni a layi don sabulu da gwangwanin madara, aka rage ma'aikata, shi ma ragin ya haɗa da shi. Ya dawo gida da babur ɗinsa da iyali cike da gida.

Cikin wannan hali ne ya bi ta tashar Gwarzo ya tarar da Malam Sajo, ga shi can zaune a layi na biyu, ya shimfiɗa buhu ya baje buroshinsa na sayarwa. Duk wanda ya taɓa ganin zaki ko mikiya a bayan motar katako a hanyar nan, hannun Sajo ya gani. Amma fenti ya yi tsada, masu mota sun daina ado, Sajo ya yanke shawarar tafiya Ikko dako.

Alhaji ya ce masa, "Sajo, naɗe buhun nan."

Sajo ya ce, "Alhaji, kai ma fa an kore ka. Da me za ka riƙe ni?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Naɗe dai, ka ba ni zuwa kaka."

Jama'a, kun san abin da ya yi da kakar nan. Ya hau babur ya bi gonaki, don babu manomin da bai sani ba tsakanin Gwarzo da Kabo. Yakan ce, "Ba kuɗi na zo nema ba, na san babu. Dami ɗaya na dawa nake so." Wani dattijo a Unguwar Tudu ya ce masa, "Alhaji, mutane suna neman abin kaiwa baki, kai kana maganar adon bango?" Ya amsa masa, "Baba, mai adon bangon ma yana da baki, yana da 'ya'ya. In ya tafi Ikko, wa zai koya wa jikokinka sana'ar?" Dattijon ya ba da dami biyu, ya ce ɗaya na surutu ne.

Haka aka haifi abin da har yau muke kira damin zane. Rabin hatsin ya ciyar da masu sana'a, rabin aka sayar aka sayo fenti. Ba gwamnati, ba ɗan siyasa. Rumbu guda ne a ƙofar gidan Alhaji, sai tukunyar Hajiya Gwamma. Hajiya, mun sani, kuma yau za mu faɗa a gaban kowa: duk ranin da aka yi aiki, ke kika tuƙa tuwon da magina suka ci, ba ki taɓa tambayar su nawa za su zo ba. Allah ya saka miki.

Makarantata ce ta fara cin moriya. Bangon ajujuwanmu ya zaizaye har awaki na leƙowa. Marigayi Jibirin magini ya yaɓe shi, ya shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ya fitar da dagi a saman ƙofa, Sajo kuma ya jera baƙaƙen boko da na ajami, kowanne da launinsa. Wallahi da idona na ga iyaye sun tsaya a bakin hanya suna karanta bango, washegari suka kawo 'ya'yansu. Daga nan sai ƙofar kasuwa, sai zaurukan unguwanni, sai babban bangon tasha inda Sajo ya zana zaki da raƙumi da ayarin fatake, har direbobi na tsayawa kallo fasinja na mita.

Ya kasance mai karɓar taimako ba tare da ya sayar da mutanensa ba. Wata ƙungiyar agaji daga Kano ta ji labarinmu, suka zo da farar mota suka ce za su tallafa, amma za su kawo mai zane daga birni, kuma a rubuta sunansu ɓaro-ɓaro. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Sunanku kam za a rubuta shi, yadda makaho ma zai shafa ya ji. Amma Sajo ne zai rubuta." Kafin su tashi ya aika aka ɗauko ƙoren Inna Uwaliya ta Kabo, ya jera musu a tabarma. Suka zo don bango, suka tafi sun ɗauki nauyin koyar da mata sassaƙar ƙwarya. Inna Uwaliya, ɗaga hannu a gan ki. Ga ta can!

Ya kasance, kuma wannan sai mun faɗa don gaskiya, mutumin da ko da'ira bai iya zanawa ba. In ya ja layi, sai ka rantse hanyar tururuwa ce. Ku riƙe wannan.

Da Shari'a ta dawo jiharmu, mun yi murna, shi ma ya yi. Amma sai magana ta taso a kan bangon tasha, saboda siffofin masu rai da ke jikinsa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, waɗansu samari masu kishin addini suka nufi tasha da bokitan farar ƙasa. Sajo da abokan sana'arsa suka tare gaban bangon, 'yan kamasho suka goya musu baya, wasu har sun fara tsintar itace. Ni ina wurin, kuma na tsorata, domin da an ɗaga sanda ɗaya, da ba bango kaɗai za a shafe ba, har zumuncin garin nan.

Sai ga ƙarar babur. Alhaji ya ratsa tsakiya ya tsaya. Ya dubi samarin, ya ga wanda ke gaba riƙe da bokiti: ɗansa na cikinsa ne, Abdulnasir. Abdulnasir, kai ka ce in faɗa, to na faɗa.

Bai daka masa tsawa ba. Ya ce, "Abdulnasir, kai malami ne?"

Ya ce, "A'a, Baba."

"Ni ma ba malami ba ne. Ku ajiye bokitan nan, farar ƙasa ba ta tsami kafin gobe. Mu je wurin Malam Muhammad Nur. In ya ce a shafe, ni zan fara shafewa da hannuna."

Aka ɗunguma zauren Malam. Allah ya gafarta Malam, kana nan, in na yi kuskure ka gyara mini. Malam ya ce siffar mai rai a sauke ta daga bangon jama'a. Amma itatuwa da furanni da rubutu da dagi, babu laifi. Sannan ya dubi samarin ya ce, "Kuma ba a aiko ku ku kashe wa musulmi sana'arsa ba."

Sajo ya tashi ya fita daga zauren. Zakin nan shi ne abin alfaharinsa, da shi aka san shi har Funtuwa.

Washegari da hantsi Alhaji ya cika alkawari. Ya sa tsani, ya tattare babbar riga, ya hau da buroshi. Jama'a, me za a gani! Farar ƙasa a gemu, farar ƙasa a hula, tana zuba a kan masu kallo, zaki kuwa yana nan daram, sai dai ya yi furfura. Sajo yana gindin ɗorawa ya juya baya, wai ba zai kalla ba. Amma yana jin dariyar mutane. Can ya kasa daurewa, ya taso ya riƙe tsanin ya ce, "Alhaji, don Allah sauko. Bangon ma ɓata shi kake yi."

Ya karɓi buroshin ya hau. Yana shafewa hawaye na zuba, babu wanda ya ƙara yin dariya. Da ya sauko Alhaji ya kama hannunsa ya kai shi wurin Malam, ya ce, "Malam, ka karɓe masa zaki, sai ka ba shi wani abu." Malam ya ɗauko tsofaffin alluna masu zayyana, irin adon da ake yi wa allon mai sauka, ya ce, "Wannan gadonmu ne, masu yinsa sun ƙare. In kana so, zauna." Sajo, da furfurarsa, ya zauna ya koya. Ku je tasha yau ku ga abin da ya fito daga wannan zama! Mutane suna zuwa daga Kano su ɗauki hoto. Masallatai da makarantun Islamiyya suna layi a kan Sajo da waɗanda ya koyar. Samarin bokiti kuwa, su suka yi ta jidar ruwa har aikin ya ƙare, Abdulnasir a gaba.

To, ga albishir ɗin. Bayan an raba gado yadda Allah ya hukunta, kowa ya san rabonsa, Hajiya Gwamma da 'ya'yanta suka zauna. Mubina ce ta kawo shawarar, Abdulnasir ya ce da ma abin da ke ransa ke nan. Babbar gonar Alhaji ta hanyar Mainika, sun mayar da ita wakafi ga Ƙungiyar Ƙawata Gari. Ba a sayarwa, ba a gadonta, amfaninta na masu sana'a ne da masu koyo muddin ana ruwan sama. Allahu Akbar! Ku faɗa da ƙarfi, na can baya su ji! Kuma aikin farko an riga an tsayar: ranin bana za a yi katangar ɗakin shan magani a Kabo, maza a bango, mata su Inna Uwaliya su fitar da zanen da za a bi.

Abdulnasir, Mubina, ku da ƙannenku, mahaifinku bai bar ku marayu a garin nan ba. Duk ƙofar da kuka ƙwanƙwasa tsakanin Gwarzo da Kabo, taku ce. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, mun karɓi amanar.

Muna godiya ga iyayenmu hakimai da malamai da suka bar ayyukansu suka zo, da duk wanda ya taka ƙafa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, bawanka Bashari ya ƙawata mana gari alhali shi bai iya zane ba. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Ka ba shi gida a Aljanna wanda adonsa ya wuce duk abin da hannun ɗan Adam ya taɓa yi. Ka albarkaci bayansa, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Malam, bisimilla, a ja mana Fatiha.